RKTV Kaduna: kamfanin neman riba ne ko bakin gwamnatin Arewa?

Ɗan Kakuri: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya muna kwashe kayan ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da tsohuwar talabijin ɗinsa, irin mai ƙafafu huɗu da ƙofar katako da ake ja a rufe fuskarta. Yayarmu ta tsaya ta daɗe tana kallon ta, ta ce a cikinta suka riƙa kallon RKTV tun kafin a haife ni. Ni da na yi wayo NTA Kaduna na tarar. Na tambayi dattawa biyu a unguwarmu, ɗaya ya ce RKTV kamfanin Turawa ne da suka zo neman kuɗin talla, ɗayan ya ce a'a, gidan Sardauna ne. Don Allah masu sani a warware mini. Abin ya tsaya mini a rai.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Dattawan nan biyu duk sun faɗi gaskiya, kowa ɓangaren da ya gani ya riƙe.

A watan Maris na 1962 RKTV ta fara aiki, ƙarƙashin wani kamfani mai suna BCNN, wato kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa. Gwamnatin Sardauna ce ta kafa shi, amma da abokan jari biyu daga Ingila: Granada, masu gidan talabijin a Manchester, da EMI, masu ƙera kayan lantarki. Granada suka zo da sanin shirya shirye-shirye da sayar da lokacin talla, EMI kuma da injuna. Rediyo da talabijin duk a inuwa ɗaya suke, shi ya sa har yau za ka ji tsofaffi na cewa Rediyo Talabijin Kaduna.

Kuma ba mu muka fara ba. Awolowo ya buɗe WNTV, talabijin ɗin Jihar Yamma, a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959 da haɗin gwiwar kamfanin Ingila mai suna Overseas Rediffusion, Jihar Gabas ta buɗe tata a Inugu a 1960. Mu ne na uku. Tushen abin kuwa tun rikicin 1953 ne, lokacin da Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Awolowo a rediyon gwamnati aka hana shi mayar da martani. Da aka zo tsarin mulkin 1954 sai aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen.

Bakano Mai Nazari: To Malam ai ka gama amsa tambayar da bakinka. Abin da aka haifa saboda ɗan siyasa ya rasa inda zai yi magana, ta yaya za a kira shi kasuwanci? Rigar kamfani kawai aka sa masa. Mutum nawa ke da talabijin a Arewa a 1962? Gida nawa ke da wutar lantarki ta ECN? Wane ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗinsa don ya yi wa tsirarun ma'aikatan gwamnati da Turawan GRA talla?

Malamin Tarihi: Haka ne, masu kallo kaɗan ne, kuma manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin talla ofisoshinsu na Legas. Shi ya sa haɗin gwiwar bai ɗore ba, a Ibadan ma Rediffusion ba su daɗe ba gwamnati ta saye hannun jarinsu, a Kaduna ma daga baya komai ya koma hannun gwamnati. Sai dai kada mu raina rigar nan da ka ce. Gidan da aka gina a kan dole sai ya nemo wani abu da kansa, tafiyarsa daban take da ta ma'aikatar da ke jiran kasafi.

Baba Mai Kyamara: Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini wannan magana, ita ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na riƙe kyamara a gidan nan tun kafin ya canza suna, don haka bari in sa baki.

Ɗana Bakano, da ka shiga gidan a lokacin da ba ka ce riga ce kawai ba. Akwai sashen talla, kuma mutanen sashen nan ana jin maganarsu. In shiri ba ya jan mutane, za su faɗa a taro, don ba mai sayen lokaci a gefensa. Tallar sabulu, ta madara, ta batir, ta maganin ciwon kai, wasu a fim suke zuwa daga Legas, wasu kuma a ɗakin shiri ake yin su kai tsaye, mutum ya tsaya gaban kyamara da kayan a hannunsa ya yi bayani da Hausa. In ya yi tuntuɓen harshe, ya tafi ke nan, duk gari sun gani. Kuma rediyon ne ke ɗauke da nauyin gidan ta wajen farin jini. Talabijin iyakarta inda eriya ta kai, amma rediyon a mita 49 har ƙasashen maƙwabta ana ji.

Abin da Turawan suka bar mana da ba na mantawa shi ne lokaci. In an ce ƙarfe bakwai, to ƙarfe bakwai ne. Da yamma ake buɗe tasha, a rufe kafin tsakar dare, duk baƙi da fari. Labaran waje da kyamarar fim mai milimita 16 ake ɗauko su, a dawo a wanke, a yanka da hannu, a manna, duk kafin lokacin labarai. Wanda ya koyi aiki a haka ba ya wasa da minti ɗaya.

Maman Sadiya, Zariya: Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ka tuna mini da yarinta. A layinmu a Tudun Wada gida ɗaya ne mai talabijin, na wani ma'aikacin asibiti. Da magariba ta wuce sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur, mu yara a ƙasa kan tabarma, mata daga baya, maza a bakin zaure. Sai ka wanke ƙafa kafin a bar ka ka shiga. In hoto ya fara rawa, a tura yaro ɗaya ya juya sandar eriya, ana yi masa ihu daga ciki, ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan. Sai bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, talabijin ta yawaita a unguwa, kusan kowane ma'aikaci ya sayo tasa.

Ni ban san ko kamfani ne ko gwamnati ba ce a lokacin, abin da na sani shi ne mutanen cikin akwatin nan Hausarmu suke yi, shigarsu irin ta iyayenmu ce. Kakata har amsa sallamar mai karanta labarai take yi.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Abin da Baba ya faɗa game da rediyo gaskiya ne. Hoton Kaduna bai iso mana ba, amma muryarta ta iso. Iyayenmu da Zaɓi Sonka suka tashi, har wasiƙa ake aikawa daga nan. Mu tamu talabijin ta wata hanya ta faro, a 1964 aka fara ta don koyar da yara a makarantun firamare, ba maganar talla a ciki sam. Shi ya sa wannan labari na kamfani da hannun jari ya ba ni sha'awa.

Injiniya a Manchester: Bari in ƙara wani abu daga nan inda nake zaune, don Granada ɗin da ake magana a kai nan ne gidansu. Sidney Bernstein ne ya kafa ta, ta fara watsa shiri a watan Mayu 1956. A tsarin Ingila na lokacin, an raba ƙasar yanki yanki, kowane yanki aka ba wani kamfani lasisi ya yi talabijin da kuɗin talla, dukkansu kuma suna musayar shiri a ƙarƙashin haɗakarsu mai suna ITV. Granada ta samu arewacin Ingila, yankin masaƙu da ma'aikatu wanda mutanen Landan ke yi wa kallon baya. Da gangan suka riƙa sa mutanen yankin a gaban kyamara da irin harshensu. Wasan Coronation Street da suka fara a Disamba 1960, labarin talakawan wani layi ne kawai, kuma har yau ana yin sa.

To ku duba, kamfanin da ya yi suna wajen kare martabar arewacin ƙasarsu shi ne ya zo Arewacin Najeriya bayan shekara shida. Ni ina ganin wannan ya yi tasiri a kan yadda RKTV ta ɗauki kanta.

Sannan ƙarshensu ma akwai kama. Kamfanonin yankunan nan sun yi ta haɗiye juna, har a 2004 Granada da Carlton suka haɗe suka zama kamfanin ITV guda. Yau sunan Granada sai a labaran yanki kake jin sa. Bambancin kawai, su kasuwa ce ta haɗe su a hankali, mu kuwa dokar soja ce ta haɗe tashoshinmu dare ɗaya.

Bakano Mai Nazari: Injiniya, kwatancen ya yi daɗi amma akwai inda ya karye. Granada da kuɗin tallarta take ci, shi ya sa ta iya yin shirin bincike irin World in Action tana tona asirin masu mulki. RKTV ta taɓa iya yi wa gwamnatin NPC haka? Mutanen NEPU suna da wuri a ciki? Mu a Kano iyayenmu 'yan NEPU ba su ɗauki gidan nan nasu ba.

Injiniya a Manchester: Wannan kam na ba ka. Wanda ya biya kuɗi shi ke zaɓar kiɗa.

Sadaukin Arewa: Ni fa ban ga amfanin wannan tone-tonen ba. Sardauna ya kafa mana jami'a a Zariya a 1962, ya kafa Bankin Arewa, ya kafa hukumar raya Arewa ta NNDC, ya kafa wannan gida, jaridar New Nigerian ta fito ran 1 ga Janairu 1966, kwana goma sha huɗu kafin a kashe shi. A gidan rediyon nan da ya gina Nzeogwu, jagoran masu juyin mulkin a Kaduna, ya je ya yi jawabinsa. Maimakon mu yi masa addu'a sai mu zauna muna cewa bai ba 'yan adawa fili ba?

Bakano Mai Nazari: Yaya Sadauki, Allah ya jiƙan Sardauna da rahama, ba wanda ya ce bai yi aiki ba. Amma Malam Aminu ma ɗan Arewa ne, mabiyansa ma harajinsu na cikin kuɗin da aka gina gidan. Faɗin haka ba zagi ba ne.

Shugabar Zaure: Jama'a a yi haƙuri a dawo kan talabijin. Maganar NPC da NEPU tana da nata zauren, duk wanda ke so ya buɗe.

Malamin Tarihi: Madalla Hajiya. Bari in ci gaba daga inda aka tsaya, don nan ne abin da ya fi damuna. A 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Arewa ta zama shida. Gidan da aka gina don jiha ɗaya sai ya zama na iyaye shida, aka sa shi cikin kadarorin haɗin gwiwa da hukumar ICSA ke kula da su. Kowace jiha kuma ta fara sha'awar tata tashar. Jos ta yi tata, har ta riga kowa a ƙasar nan fara watsa hoto mai kala. Sai gwamnatin soja ta zo da doka mai lamba 24 ta 1977, wadda aka mayar da farkon aikinta Afrilu 1976, ta ce talabijin duk ta Tarayya ce. WNTV ta zama NTV Ibadan, RKTV ta zama NTV Kaduna, daga baya NTA. Rediyon kuma aka raba shi da ɗan'uwansa, ya shiga FRCN, wato hukumar rediyon Tarayya. Hujjarsu ita ce haɗin kan ƙasa, don an ga rawar da gidajen rediyon yankuna suka taka a rikicin 1966 da yaƙin basasa. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a ganina ranar ce Arewa ta rasa abin da ba ta sake samu ba, wato tasha ɗaya mai kallon yankin gaba ɗaya, wadda hukuncinta a Kaduna ake yanke shi.

Baba Mai Kyamara: Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Ni ina ciki aka yi canjin. Gaskiya ne lokutan da suka fi tsada, wajen ƙarfe takwas zuwa goma na dare, sun koma na shirye-shiryen ƙasa, labaran ƙarfe tara daga Legas suke zuwa. Amma kayan aiki sun ƙaru, kala ta zo, an tura yara kwas. Hawan dabar FESTAC da aka yi a Kaduna a 1977, duk ƙasa ta gani. Kuma ka tuna Samanja. Usman Baba Pategi, Allah ya jiƙansa, a gidan nan ya taso, ya je soja ya dawo, ya mayar da rayuwar bariki wasa. Ta hanyar haɗakar tashoshin ne mutumin Fatakwal da na Ibadan suka san shi. Ƙasimu Yero ma haka, Allah ya gafarta masa. Da muna nan mu kaɗai, da iyakarsu Kaduna da Zariya da Kano.

Abin da ya tafi a ganina shi ne yunwar nan ta neman mai kallo. Da can in shirinka ya mutu kai ma ka san ka shiga uku. Da albashi ya zama daga sama yake zuwa ko an kalla ko ba a kalla ba, sai jiki ya fara sanyi. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, haka tsarin yake a ko'ina aka yi shi.

Malamin Tarihi: Baba na karɓi gyara a kan Samanja. Amma ka ga ƙarshen maganarka ta dawo kan tawa.

Bakano Mai Nazari: Kuma abin da ya biyo baya ya nuna mutane ba su haƙura da rashin tasu ba. Tsarin mulkin 1979 na dawo wa jihohi da dama, Gwamna Jakande ya buɗe tasa a Legas, Abubakar Rimi ya kafa CTV 67 a Kano, don gwamnatinsa ta PRP ce, Tarayya kuma ta NPN. Tarihin Awolowo ne ya maimaita kansa. Ita ce ARTV ta yanzu a Hotoro, an sa mata sunansa bayan rasuwarsa a 2010. Wasannin kwaikwayon da CTV ta riƙa yi a shekarun 1980 su ne suka horar da mutane da yawa da suka zo suka fara finafinan Hausa na kaset. Ni a wurina magajiyar RKTV ta gaskiya ita ce wannan, ko da yake iyakarta jiha ɗaya.

Ɗan Kakuri: To tashar kasuwanci zalla fa, wadda ba hannun gwamnati, yaushe aka samu?

Malamin Tarihi: Sai bayan doka mai lamba 38 ta 1992, zamanin Babangida, wadda ta kafa hukumar NBC ta ba 'yan kasuwa lasisi. A Kaduna ɗin nan DITV ta fara a tsakiyar shekarun 1990, tana cikin na farko a ƙasar baki ɗaya. Ka ga sama da shekara 30 ke nan bayan RKTV. Matsalar da Bakano ya ambata tun farko kuwa ba ta gushe ba, kasuwar talla har yanzu Legas ta fi ƙarfi. Arewa24 da ta zo a 2014 ta tauraron ɗan'adam ta bi, ta tsallake iyakar jiha da ta ƙasa, har su Ɗan Maraɗi suna kallo.

Ɗan Maraɗi: Ƙwarai kuwa, muna kallo.

Ummi Ɗaliba: Assalamu alaikum iyayena. Tun ɗazu nake bin maganar ban sa baki ba. Ina karatun aikin jarida, kuma a kan wasannin kwaikwayon talabijin na Hausa kafin 1980 nake son rubuta kundina. Na je wata tasha, ba zan kama suna ba, na nemi a nuna mini ko da shiri ɗaya na wancan zamani. An karɓe ni da mutunci, aka kai ni wani ɗaki. Faifai ne jibge har rufi, ƙura ta rufe su, wasu damshi ya manne su, injin da zai karanta su kuma ya daɗe da mutuwa. Na fito ina hawaye. Muna ta gardamar wa ya mallaki gidan, alhali abin da gidan ya haifa yana ruɓewa. Baba, don Allah me ya sa ba a adana ba?

Baba Mai Kyamara: 'Yata, ki share hawayenki in gaya miki yadda abin yake. Kashi na farko, yawancin shirin farkon nan kai tsaye aka yi su, ba a naɗa ba sam, iska ta tafi da su. Kashi na biyu, da injin naɗa ya zo, faifansa mai faɗin inci biyu ne, nauyinsa sai ka sa hannu biyu, daga waje ake sayo shi da tsada. In an watsa shiri sai a goge a naɗi na mako mai zuwa a kai. Ba mu kaɗai ba, Injiniya zai gaya miki a Ingila ma sun yi asarar shirye-shirye da yawa ta haka. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana jikanmu za ta zo nema. Mawaƙa nawa suka zauna gaban kyamarata da makaɗansu, manya waɗanda yanzu sai dai a ji muryarsu a kaset, na ga yadda suke motsa hannu, yadda suke kallon 'yan amshi. Wannan yana cikin kaina kawai.

Amma ba duka ya tafi ba. Abin da aka ɗauka a fim yana daɗewa in bai sha zafi da ruwa ba. Kaset ɗin bidiyo na U-matic da ya zo daga baya ma ana iya ceto wasu. Kuma mu da muka rage muna da hotuna a gida. Ni ina da kwali guda, da takardun jerin shirye-shirye na mako mako da na ɓoye.

Injiniya a Manchester: Haka ne Baba, an goge da yawa a nan ma. Ummi, faifan da ya manne kada a yi gaggawar sa shi a inji, zai tsinke. Akwai yadda ake gasa shi a ɗan ƙaramin zafi na wasu awanni kafin a karanta, sai a juye shi a kwamfuta nan take. Injin U-matic kuma ana samun na hannu a nan. In za a samu izinin masu faifan, ni zan ɗauki nauyin nemo ɗaya in aiko.

Maman Sadiya, Zariya: Allah ya saka da alheri. Ni ma akwai wata ƙawar mahaifiyata da ta yi shirin mata a gidan, tana nan da ranta a Sabon Gari, hankalinta garau. Ummi in kina so in kai ki.

Sadaukin Arewa: In dai wannan ne, a sa da ni. Mota tana wuyana.

Ummi Ɗaliba: Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya bar zumunci. Baba, in ka yarda in fara da kai. Zan zo da rakoda in naɗi bayaninka, in kuma ɗauki hoton takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ba zan fita da ko ɗaya daga gidan ba.

Baba Mai Kyamara: Na yarda. Ki zo ranar Asabar bayan la'asar, jikata za ta tura miki kwatance ta akwatin sirri. Ɗan Kakuri, kai ma ka zo, kuma kada ku sayar da talabijin ɗin nan ta mahaifinku. Ka duba bayanta ka karanto mini sunan kamfanin da lambar da ke jiki, zan gaya maka shekarar da aka shigo da irinta.

Ɗan Kakuri: To Baba, in sha Allahu. Yanzu zan je in juya ta in duba.